Yawun Bakinmu Da Ciwon Da Ke Cin Fuskar Yara

 

An nemi mu yi bayani a kan gwajin yawu, wato yadda likitoci ke auna yawun mutum su gane ciwon baki ko na haƙori tun bai yi ƙarfi ba. Mun san wasu za su ce, yawu kuma? Abin da muke tofarwa a bakin titi? To, shi fa. Baligi mai lafiya yakan samar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Shi ke wanke ragowar abinci, shi ke kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa idan sun samu sukari a baki. Wannan tsami shi ke narkar da ɓawon haƙori har ya yi rami. Babu wata tsutsa a ciki, kuma masu zagayawa kasuwa suna zaro wa mutane tsutsa daga haƙori kuɗinmu kawai suke ci.

Gwajin da aka daɗe ana yi ba shi da wuya. A ba mutum wani abu mai kama da cingam ya tauna na minti 5 yana tofawa a ɗan kofi. Daga nan a ga yawan yawun, a ga ƙarfinsa wajen kashe tsami, a kuma ƙiyasta yawan ƙwayar cutar nan mai ruɓar da haƙori da ake kira Streptococcus mutans. Wanda yawunsa ya yi ƙaranci, kamar masu ciwon sukari da masu shan wasu magungunan hawan jini, haƙoransa sun fi saurin lalacewa, balle a zafin Yola na watan Maris da Afrilu. Masu bincike a ƙasar Finland kuma sun fito da wani ɗan tsinke irin na gwajin ciki, wanda cikin 'yan mintoci yake nuna ko dasashi ya soma lalacewa. A 2004 Amurka ta amince da OraQuick, mai gano ƙanjamau ta hanyar goga dasashi ba tare da ɗibar jini ba, a 2020 kuma Jami'ar Yale ta fito da gwajin korona ta yawu. Na kansar baki dai har yanzu bincike ake yi, tabbaci sai likita ya duba ya yanki ɗan nama an auna. Saboda haka mai gyambo a baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, musamman masu zuba garin taba a leɓe, kada ya zauna jiran wani gwaji.

Yanzu ga inda muke so a saurare mu da kyau, musamman iyaye mata. Ciwon bakin da ya fi kashe 'ya'yan talakawa a ƙasashenmu ba shi da gwajin yawu, da ido ake gane shi. Likitoci suna ce masa noma. Ba noman gona ba, kalmar daga Girkanci take, ma'anarta cinyewa. A ƙauyukanmu wasu kan ce ciwon iska ne, wasu su ce daji ne, shi ya sa ake fara kai yaro wajen mai magani maimakon asibiti.

Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda abinci bai ishe su ba, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa a lokacin yaye. Farkonsa ba abin tsoro ba ne a ido: dasashi ya yi ja, a taɓa ya yi jini. Sai baki ya soma wari, yawu ya riƙa dalala, yaro ya ƙi abinci. Sai kumatu ya kumbura, wani wuri ya yi baƙi, cikin kwanaki kaɗan naman ya ruɓe ya ɓule, har ƙashi yakan ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran mutuwa suke yi. A ƙiyasinta na 1998, yara 140,000 ke kamuwa a kowace shekara. Waɗanda suka rayu kuwa, ga muƙamuƙi a ƙage, ga wahalar ci da magana, ga ɓoyewa a ɗaki saboda tsangwama. Alhali ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro.

Abin takaicin shi ne, a matakin dasashi maganinsa ba shi da tsada: wanke baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun ma'aikacin lafiya, da abinci mai gina jiki. Idan aka makara sai tiyata, sau biyu sau uku. Da yawanmu nan asalinmu Sakkwato ne ko Katsina ko Damagaram, kuma can ne ciwon ya fi yawa. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, ana yin aiki kyauta. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiya. A watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Idan mun je gida ganin dangi, mu kai musu wannan labari.

Mu a nan fa? Muna roƙon kowace uwa, ran Juma'a idan an yi wa yaro wanka, ta fito da shi haske ta ɗaga leɓensa na sama da na ƙasa ta duba. Minti ɗaya ne. Malaman allo su ma su riƙa duba na ƙananan almajirai, don su ba uwa a kusa. A goge wa yaro haƙora safe da dare, ko da asuwaki ko da buroshi da man goge baki, a kai shi rigakafin ƙyanda, a rage masa alewa da lemon kwalba. In an ga jini a dasashi tare da wari da dalalar yawu, a kai shi asibitin unguwa a ranar, ba gobe ba. In kumatu ya riga ya kumbura, a wuce kai tsaye Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda muka fi sani da FMC. Kada a tsaga, kada a ƙona, kada a tsaya neman kuɗin mota shiru a ɗaki, a buga ƙofar maƙwabci.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyaye mata za mu fara ba dama.