Yaushe Jariri Zai Fara Ɗaukar Abinci da Hannunsa?

  Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ƙanana ce: yaushe za a fara ba jariri abincin da zai riƙe da hannunsa ya kai baki, kuma yaya za a yi shi ba tare da haɗari ba.

Me ya sa muka ɗauko wannan magana? Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A nan arewa maso yamma kuwa, 57 ne cikin 100. Yawancin wannan tsumburewa tana faruwa ne kafin yaro ya cika shekara biyu, musamman daga lokacin da nono kaɗai ya daina isarsa, abincin da ake ba shi kuma bai cike gurbin ba. Ku je asibitin yara na Hasiya Bayero a cikin birnin Kano, ko asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, za ku ga uwaye da yara ramammu. Abinci na nan cike a kasuwar Rimi da ta Kurmi, amma ko a birni akwai yaron da ake ɗura wa kunu tsararo safe da yamma har ya shekara. Wani lokaci rashi ne, wani lokaci kuma rashin sani.

Abu na farko shi ne lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun shekarar 2001 cewa a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Da ya cika wata 6 sai a fara ba shi abinci mai laushi, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2 ko fiye. A fara da cokali 2 ko 3 na kunu mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali kamar ruwa. Cikin jariri ƙarami ne, bai fi kofin shayi ɗaya ba. In kika cika shi da ruwan koko, ina wurin abinci? Ki haɗa garin gero ko dawa da na waken suya da na gyaɗa soyayyu, irin haɗin da ake kira Tom Brown, ki dama da kauri.

Abincin riƙewa da hannu yakan zo bayan wannan. Yawancin yara suna iyawa wajen wata 8, waɗansu kafin haka kaɗan. Kada ki ƙirga wata kawai, ki duba yaron. Yana iya zama da kansa, wuyansa a tsaye? Yana kai hannu ga kwanonki in kina cin abinci? Yana ɗaukar abu ya kai baki? Ya daina turo abinci waje da harshe? In amsar i ce, lokaci ya yi. Kada ki jira haƙora. Dasashin yaro yana da ƙarfin murƙushe abu mai laushi.

Abu na biyu, me za a ba shi? Ga gwaji mai sauƙi: ki matsa abincin tsakanin babban yatsa da manuni. In ya murƙushe ba wuya, ya yi. In bai murƙushe ba, ki ƙara dafa shi ko ki ajiye wa manya. Da farko ki yanka shi dogo, kamar tsawon yatsanki, domin yaro da tafin hannu yake damƙa, kuma yana bukatar wani ɓangare ya fito waje ya ci. Wajen wata 9 zuwa 10, idan ya fara tsintar abu da yatsu biyu, sai ki koma ƙananan gutsattsari kamar ƙwayar wake.

Yawancin abincin nan muna da su a gona ko a bakin ƙofa: dafaffen dankali, musamman mai jan ciki, da kabewa, da doya mai laushi, da ayaba nunanniya, da gwanda, da mangwaro da aka fere. Akwai alale, da cikin ƙosai, da awara mai laushi, da waina, muddin ba a sa yaji ba. Akwai dafaffen ƙwai, da hanta da aka dafa sosai, da kifin da aka cire wa ƙaya tsaf. Ƙwai da hanta da wake su ne ke gina jiki da ƙara jini. Maganar nan da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba ta da tushe. Maigida, kafin a kai ƙwai kasuwa, a ware wa yaro nasa.

Abu na uku, abin da ba za a ba shi ba. Duk abu mai tauri, ƙarami, mai zagaye yana iya toshe maƙogwaron yaro: gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, gurjiya, guguru, gasasshiyar masara, ƙuli-ƙuli, alewa, dabino mai ƙwallo, magarya, ɗanyen karas, kilishi da tsire. Gyaɗa tana da amfani, amma a niƙa ta a dama cikin kunu, a kuma zubar da wadda ta yi fumfuna. Kada a ba yaro zuma kafin ya cika shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. A rage gishiri da sukari, a bar lemon kwalba. Idan kun shiga birni kun sayo tsaraba, ku tuna ba kowace tsaraba ce ta jariri ba. Ku gaya wa yayyensa masu rainonsa kada su ɗanɗana masa abin da ke hannunsu.

Abu na huɗu, yadda za a ba shi. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu. Ki shimfiɗa tabarma mai tsabta, ki kori kaji. Ki zaunar da shi a miƙe, ba a kwance ba, ba a goye ba, ba yana rarrafe ba. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai, domin in ya haɗa kwano da yayyensa ba za ki san abin da ya ci ba. Ki zauna da shi har ya gama. Daga wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a rana. Daga wata 9 ya ci sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2. Zai ɓata jiki, zai zubar da rabi, zai ƙi sabon abu. Ki sake gwadawa wata rana, kada ki yi masa ɗure. Da rarrafe yaro kan tashi.

To, idan ya ƙware fa? In yana tari da ƙarfi ko kuka, iska na shiga, ki bar shi ya fitar da kansa. Kada ki cusa yatsa kina lalube, kina iya tura abin ciki. Amma in ya yi shiru, ba kuka, ba numfashi, sai ki kifa shi a kan hannunki ko cinyarki, kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fito ba, ki juya shi rigingine, ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5. Ki ci gaba da maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Kakanni da maza ma su koyi wannan.

A ƙarshe, ku riƙa kai yaro awo a asibitin da ke kusa da ku. Idan nauyinsa ya tsaya, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko tef ɗin awon damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, kada ku kwana a gida kuna jira. Wadda ta ji wannan magana ta kai wa maƙwabciyarta da ba ta samu zuwa ba.