JININ WANDA AKA ƊAURE DA SIRRIN HUKUMA: MATSAYIN SHARI'A

(Laccar da aka gabatar a garin Achilafiya, Jihar Jigawa)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya haramta wa kansa zalunci kuma ya haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne hukuncin sojan da ya kashe mutumin da ya riga ya kama, ya ɗaure, ya raba shi da makami, da kuma hukuncin wanda ya fallasa takardun da hukuma ta ɓoye a kan irin wannan kisa. Wani zai ce mu da muke nan ƙasar Kazaure, ina ruwanmu da abin da ya faru a Barno? To, ruwanmu ne. Da wuya ka sami gari a wannan yanki da bai taɓa tura ɗansa gabas karatun allo ko cirani ba, kuma akwai 'ya'yanmu da suke sanye da kakin soja da na ɗan sanda. Ke nan wanda aka ɗaure yana iya zama namu, wanda yake riƙe da bindigar ma yana iya zama namu.

Tun farko muna bayyana cewa abin da 'yan Boko Haram suka yi na yanka bayin Allah da ƙona masallatai da kasuwanni da satar 'ya'yan mutane ɓarna ce wadda addini ya barranta daga gare ta, kuma yaƙarsu haƙƙi ne a kan hukuma. Sojan da ya bar iyalinsa ya tafi ya tsare rayukan jama'a ya cancanci addu'armu. Amma laifin ɗan ta'adda ba ya halatta wa mai kaki ya zama alƙali kuma hauni a lokaci guda.

ABIN DA YA FARU A ƘASARMU

A ranar 30 ga Yuli 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf a Maiduguri da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, kafin gari ya waye ya zama gawa ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Surukinsa, Baba Fugu Muhammad, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda, shi ma bai dawo ba. A watan Fabrairu 2010 gidan talabijin na Aljazeera ya nuna hoton bidiyo na yadda aka kwantar da mutane a ƙasa, har da masu dogara sanda, aka harbe su. Iyalan Baba Fugu suka kai ƙara, kotu ta ba da umarnin a biya su diyyar Naira miliyan 100 a 2010. 'Yan sandan da aka gurfanar a 2011 kan kisan Muhammad Yusuf kuwa, daga baya kotu ta sallame su. Kowa ya ga abin da ya biyo baya: waɗanda suka tsira sun mayar da wannan jini hujjar jan matasa, wutar da aka ce an kashe ta dawo ta ci Arewa maso gabas.

Sai ranar Juma'a 14 ga Maris 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka fasa barikin Giwa a Maiduguri suka saki mutanen da ake tsare da su. Da ƙura ta lafa, an sake kama da yawa daga cikin waɗanda suka fito, ba su da makami, yunwa ta riga ta cinye su. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 640 daga cikinsu a unguwannin birnin. A watan Yuni 2015 ƙungiyar ta fitar da rahoto wanda ta gina a kan bayanan shaidu da hotunan bidiyo da takardun rundunar soja da wasu daga ciki suka fitar a ɓoye. Rahoton ya ce tun daga 2011 fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azabtarwa, an kuma kashe fiye da 1,200 ba tare da shari'a ba. Ya ce a watan Yuni 2013 kaɗai an kai gawa fiye da 1,400 daga barikin Giwa zuwa ɗakin ajiye gawa na wani asibiti. Ya kuma ambaci sunayen manyan hafsoshi tara da ya ce a bincika.

Rundunar soja ta musanta. A 2017 kwamitinta na cikin gida ya wanke hafsoshin. A watan Agusta na shekarar Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill, kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2018, aka sa shi a aljihun tebur. A Zariya kuma, bayan abin da ya faru a watan Disamba 2015, sakataren gwamnatin Jihar Kaduna da bakinsa ya shaida wa hukumar bincike ta Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a rami guda a Mando, hukumar ta ba da shawarar a gurfanar da masu hannu a ciki. Saɓaninmu da aƙidar waɗanda aka kashe ba ya mayar da jininsu ruwa, domin an umarce mu da adalci ko ga wanda muke ƙi. A maƙwabtanmu Nijar ma, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta tono gawa 71 a yankin Inates a 2020, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu sojoji.

Kada a ce soja ba shi da hanyar hukunta nasa. A watan Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin bin umarnin fita yaƙi, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. Ashe kotun tana da haƙora idan ta ga dama.

ABIN DA MANZON ALLAH (SAW) YA YI

Ya 'yan'uwa, irin wannan ta taɓa faruwa a zamanin Annabi (SAW), kuma wanda ya yi ba ƙaramin mutum ba ne. A shekara ta 8 bayan hijira, bayan buɗe Makka, ya aiki Khalid ɗan Walid (RA) zuwa ga ƙabilar Banu Jazima. Mutanen suka so su ce sun musulunta, sai suka faɗe shi da wani lafazi wanda Khalid bai ɗauke shi a matsayin shiga Musulunci ba. Aka kama su, aka raba wa kowane mayaƙi fursunansa, sa'annan Khalid ya ba da umarni kowa ya kashe wanda ke hannunsa. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai yi daga cikin mutanensa.

Da labari ya isa Makka, Annabi (SAW) bai ce a rufe maganar don kada ƙarfin gwiwar runduna ya karye ba. Ya ɗaga hannuwansa a gaban jama'a ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu. Sa'annan ya aiki Aliyu ɗan Abi Ɗalib (RA) da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe da asarar kayansu, malaman tarihi suka ce har kwanon da kare ke shan ruwa sai da aka biya.

Gaskiya ne ba a yi wa Khalid ƙisasi ba, malamai suka ce domin kuskuren fahimta ne ya yi, bai yi da gangan don son zuciya ba. Amma ku lura da abubuwa huɗu. An saurari shaidu daga cikin rundunar. Shugaba ya ambaci sunan kwamandan a fili. An biya haƙƙin magada daga baitulmali. Kuma wanda ya ƙi bin umarnin ba a kira shi ɗan tawaye ba. Wanne daga cikin huɗun nan aka yi wa matan da mazajensu suka shiga barikin Giwa ba su fito ba? Wanda kuwa ya yanka ɗaurarre da gangan, yana sane, har yana ɗaukar hoto, wannan ba shi da uzurin Khalid, hukuncinsa na mai kisan kai ne, kuma alƙali ne zai yanke shi.

Allah ya yabi masu ciyar da fursuna a Suratul Insan, aya ta 8. Bayan yaƙin Badar, Abu Aziz ɗan Umair, wanda ya riƙe tutar mushirikai, ya ba da labarin cewa mutanen Madina da suka tsare shi gurasa suke ba shi su kuwa su ci dabino. Makomar fursuna tana hannun shugaba da shari'a, ba ta hannun wanda ya kama shi. Dokar ƙasa ma haka ta ce: sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare rai, sashe na 3 na yarjejeniyoyin Janeba na 1949 ya haramta kashe wanda aka tsare ko da a yaƙin cikin gida ne, kuma a 2017 aka sa hannu a kan dokar hana azabtarwa.

SIRRI IRI BIYU NE

To, yaya hukuncin wanda ya fitar da takardun? Nan ma sai mun rarrabe. Akwai sirrin da fallasa shi ha'inci ne, kamar ranar tashin runduna da hanyar da za ta bi da sunayen masu kawo mata labari. Hatib ɗan Abi Balta'a (RA) ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin buɗe Makka, wata mace ta ɓoye ta a cikin kitsonta, aka tura Aliyu da Zubairu da Miƙdad suka karɓo. Farkon Suratul Mumtahana ya sauka yana tsawatarwa. Duk da haka sai da Annabi (SAW) ya zaunar da shi ya ji uzurinsa, ya kuma hana Umar (RA) ya sare shi. Wanda duk ya sayar wa ɗan ta'adda labarin motsin sojoji, jinin waɗanda aka yi wa kwanton ɓauna yana wuyansa.

Akwai kuma abin da aka buga wa hatimin sirri alhali shaida ce a kan jinin da aka zubar. Lissafin gawarwakin da aka fitar daga ɗakin tsaro ba dabarar yaƙi ba ce. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta wajabta bayar da ita ko da a kan kai ne ko iyaye. Rantsuwar kama aiki ba ta shafe wannan wajibi. Ladabinsa dai shi ne a fara kai wa masu iko da masu iya tantancewa, kamar yadda aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta koyar, kuma kada a haɗa da abin da zai jefa marar laifi cikin halaka. Idan masu ikon su ne suka danne, to sai a kai gaba. Nijeriya tana da dokar sirrin hukuma ta 1962, amma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba da kariya ga ma'aikacin da ya bayyana abin da ya yi imani karya doka ne.

Abin takaici, a duniyar yau mai tonawa ya fi mai kisa shan ɗauri. A gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi, wanda hotunansa suka fito a 2004, mafi tsananin hukuncin da aka yi wa sojan Amurka shi ne shekara goma. Manning, sojan da ya miƙa wa WikiLeaks takardun yaƙin Iraƙi da Afghanistan a 2010, shekara 35 aka yanke masa a 2013, kafin a sassauta a 2017. A Ostireliya binciken Mai Shari'a Brereton ya gano a 2020 cewa akwai hujjar sojojin ƙasar sun kashe fursunoni da fararen hula 39 a Afghanistan, amma mutum na farko da ya shiga kurkuku a kan lamarin shi ne David McBride, lauyan soja da ya ba 'yan jarida takardu, a 2024. Saboda haka kada mu zaci Turawa ne za su zo su share mana hawaye. Mai gabatar da ƙara ta kotun duniya da ke Hague a wancan lokaci, Fatou Bensouda, ta ce a watan Disamba 2020 akwai dalilin buɗe bincike a kan Boko Haram da jami'an tsaron Nijeriya, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gyaran yana wuyanmu.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na farko, iyaye, duk wanda ɗansa zai shiga aikin kaki ya ba shi labarin Abdullahi ɗan Umar kafin ya ba shi guzuri. Ya sanar da shi cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, kuma jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama, ranar da oga ba zai tsaya wa yaronsa ba.

Na biyu, wanda aka kama masa ɗan'uwa ya rubuta sunansa da ranar da aka kama shi da wurin da sunayen waɗanda suka gani, ya kai wa lauya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Iyalan Baba Fugu da takarda suka yi nasara, ba da makami ba.

Na uku, mu tambayi wakilanmu na majalisa idan sun zo neman ƙuri'a: ina rahoton Georgewill, ina shawarwarin hukumar Garba? Da kuɗin jama'a aka yi su, jama'a suna da haƙƙin karanta su.

Na huɗu, matasa, kada kowane hoton bidiyo da ya faɗo wayarku ku tura shi gaba. Ku tantance, domin ƙazafi ga soja ma zalunci ne. Kuma kada wani ya ruɗe ku da sunan ramuwa, domin mun ga inda wannan hanya ta kai Barno.

Muna roƙon Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, ya ba iyalansu haƙuri, ya kare sojojinmu daga sharrin maƙiya da sharrin kawunansu, ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.