In Makaranta Ta Rufe, Sai a Buɗe Zaure

 

Maganar da aka ce in yi muku yau ita ce ta yaron da ya kai shekara 10 bai wuce 14 ba, wanda ya kamata a ce yana ƙarshen firamare ko ƙaramar sakandare, amma ga shi zaune a gida. Kun san ba tatsuniya na ke yi ba. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan duka, yawancin yara suka yi wajen wata shida a gida. A Disamba na shekarar 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairu na 2021 suka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, a Maris na 2024 kuma aka yi na Kuriga. In irin wannan ta faru sai a garƙame makarantu. Mai hali ya kai ɗansa birni, ko ya ɗauko masa malami har gida. Ɗan talaka kuwa a miƙa masa tire ko baro, in an buɗe makaranta ya ce shi ya girma, ba ya komawa. A waɗannan shekaru ne a ke asarar yaro, domin ya isa aike, ya fara jin daɗin kuɗi a aljihu.

Kada wani ya ce na zo in hana sa yara makaranta. Dokar ilmi ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma kyauta. Uban da ya ƙi sa ɗansa, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ta ɗaure uba, to, ta ɗaure hukuma ita ma, ku yi ta tambayarta ina malamai, ina tsaro. Amma kafin ta amsa yaro girma ya ke yi. Don haka kada ka cire sunansa daga rajista, ka kuma kama karatunsa a gida.

Na san abin da wasu za su ce: malam, ni ban yi boko ba. To, koyarwa a gida ai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata da a ke kira jaji, su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su koya wa 'yan'uwansu mata cikin gidaje. Ba benci, ba ƙararrawa, amma karatu ya kai inda Nana ba ta taka ba. Kai da ka ke lissafin buhu hamsin a ka, kana da abin koyarwa.

Da farko ka gwada yaron, kada ka yarda da lambar ajin da ya ce yana ciki. Ba shi shafi ɗaya na Hausa ya karanta da ƙarfi, sa'an nan ya rufe littafin ya faɗa maka abin da ya karanta. Ko ba ka iya baƙi ba, kunnenka zai gaya maka ko karatu ya ke yi ko kame-kame. In ya kasa, kada ka zage shi. A koma da shi baya, a nemo Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, a fara daga nan ba kunya. In ya iya, sai littattafan da iyayenmu suka tashi da su: Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Ya karanta wa gida duka da dare, kai kana ji, uwarsa tana ji. Yaro in ya ga manya sun yi shiru suna sauraronsa, gobe shi zai ɗauko littafin da kansa.

Lissafi kuwa, jama'a, a nan ku ne malamai. A ce ka sayi buhun gero naira 40,000, tiya 40 a ciki, ka biya mota da ɗan dako 2,000. Tambayi yaro: nawa tiya ta tsaya mini? Ya raba 42,000 gida 40, ya sami 1,050. In ka sayar 1,200, nawa ne riba? 6,000, watau kashi ɗaya cikin bakwai na uwar kuɗi. Sa'an nan ka ce masa ɓera da zuba sun ci tiya biyu, ya sake. Zai ga riba ta sauko 3,600. Wannan shi ne rabawa da ninkawa da kason da a ke tambaya a jarrabawa, sai dai a can da Turanci a ke yi. Abin da ya rage shi ne ya rubuta a takarda, layi bisa layi, kada ya tsaya ga lissafin ka. Ba shi littafin bashi ya riƙe, amma ka riƙa dubawa ran Juma'a, don yaro yaro ne.

Haka labarin ƙasa. Kayan rumfarka su ne taswira. Gishirin nan daga Bilma raƙuma su ke ɗauko shi, goro kakanninmu har Gwanja su ke zuwa nemansa, a Ghana ta yau. Ya nemo wuraren a taswira, ya faɗi ƙasashen da za a ratsa. Da damina a kafa gwangwani a fili, ya riƙa auna ruwan sama yana rubutawa da kwanan wata. In kuna kusa da Kano, kai shi Gidan Makama ya ga tarihi da idonsa, ya ji labarin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Turanci ne inda yawancinmu za mu tsaya, da shi kuma a ke rubuta jarrabawa. A nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida biyar ko shida ku haɗu kamar yadda ku ke adashi, ku sami ɗalibin kwaleji ko malamin da ya yi ritaya a unguwa, ya riƙa zama da yaran a zaure ɗaya sau uku a mako. Ku biya shi a kan lokaci. Ku kuma roƙi hedimasta ya ba ku jerin darussan ajin, don malamin ya san inda ya dosa. Mai waya babba ya nemi Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, darussa ne kyauta, sai dai kuɗin data, kuma wayar ta zauna hannun babba. A Kano akwai Hukumar Ilmin Manya da aka kafa a 1980, da Laburaren Murtala Muhammad. Uban da ya ke so shi ma ya koyi baƙi, ƙofa a buɗe ta ke.

Game da lokaci, sa'a biyu kullum ta fi yini guda a mako. Bayan an taso daga makarantar allo da hantsi, ko tsakanin la'asar da magariba, ku zaɓi ɗaya ku tsare shi, ko ranar kasuwa ce. Iyayenmu mata, ga taku: a wannan sa'a biyu kada a aiki yarinya, kada a ɗora mata talla, kada a ba ta goyo. Sau da yawa a kan zaunar da namiji ya yi karatu, 'yar'uwarsa tana wanke-wanke tana leƙen littafin daga nesa, alhali wataƙila ita ce mai ƙwaƙwalwar.

Ku ajiye duk takardar da yaro ya rubuta, da kwanan wata a kai. Ran da aka buɗe makaranta ku kai wa hedimasta ya gani, don kada a mai da shi baya ba dalili. Jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare ta hannun makaranta a ke rubuta suna, shi ya sa na ce kada a cire yaro daga rajista. Wanda kuma ya girma, makaranta ta riga ta kuɓuce masa, WAEC da NECO duka suna da jarrabawar 'yan waje wadda mutum zai shiga da kansa ba sai ta makaranta ba, kuɗinta kuwa gara a fara tarawa tun shekara guda kafin lokaci.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu.