Jawabin Shugabar Mata Kan Zaman Mako-Mako Na Iyayenmu 'Yan Fansho



Iyayena, yayyena da ƙannena mata na Ikara, Maƙarfi da Kudan, barkanmu da warhaka. Ga abin da na faɗa a taron shugabannin mata na gundumomi, na ce a rubuta a turo saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta karanta don Allah ta karanta wa ta kusa da ita.

Kwanakin baya na je gaishe da malamata ta firamare. Shekara 35 ta yi tana koyarwa, yaran da suka bi ta hannunta Allah kaɗai ya san yawansu. Na same ta ita kaɗai a ɗaki, rediyo na ta magana. Ta ce min, "'Yata, ba yunwa ke damuna ba. Sai in wuni ba wanda ya tambaye ni ko da abu ɗaya." Wallahi na fito jikina a sanyaye.

Ku duba fa. Namiji in ya yi ritaya yana da masallaci sau biyar, yana da majalisa a ƙofar gida, yana da teburin mai shayi, ga kuma ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, NUP, wadda galibi maza ne ke zuwa taronta. Mace kuwa, malama ce ko nas ko ungozoma, ranar da ta ajiye aiki sai ɗaki. In ba biki ko suna ko rasuwa ba, ba ta da inda za ta. Daga nan sai tunani, sai hawan jini, sai mu ce tsufa ne.

Shi ya sa muka yanke shawarar buɗe zama na mako-mako domin iyayenmu mata da suka yi ritaya, da waɗanda mazansu suka rasu suka bar su da bin haƙƙi. Kowace Alhamis da hantsi, tunda ranar babu Islamiyya, za mu roƙi aron aji. Ba za mu wahalar da tsofaffi da doguwar tafiya ba: zama ɗaya a garin Ikara, ɗaya a Maƙarfi, ɗaya a Hunkuyi. Baƙon da zai yi jawabi shi ne zai riƙa zagayawa. In abin ya kafu, sai mu kai shi Paki, Gubuchi, Likoro da sauran gundumomi.

Me za a riƙa yi? Mako na farko na lafiya ne. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ta yaye 'ya'yanmu da yawa, za mu roƙe su su zo su auna hawan jini da suga, su yi bayanin abinci da shan magani a kan ƙa'ida.

Mako na biyu na fansho ne. Tun da aka kawo tsarin adashen gata a ƙasar nan a 2004, aka sake gyara dokar a 2014, mutanenmu suka kasu biyu: wasu na tsohon tsari, wasu na sabo. Da yawa ba su ma san wanda suke ciki ba, balle takardun da ake nema ranar tantancewa. Za mu gayyato wanda ya san aikin Hukumar Fansho ta Jihar Kaduna ya yi bayani da Hausa, a kuma ja kunnen iyayenmu kada su ba kowa lambar sirrin katinsu ko ta BVN a waya, ko da ya ce daga banki yake.

Mako na uku na malamai ne: gyaran karatun Alƙur'ani, hukuncin wasiyya da rabon gado, yadda ba za a danne wa marayu haƙƙi ba.

Mako na huɗu kuwa iyayen namu ne da kansu za su hau kujerar baƙo. Ungozomar da ta yi shekaru tana karɓar haihuwa ta yi wa matan aure bayanin awo. Tsohuwar malama ta nuna wa iyaye yadda ake bibiyar karatun yaro. Wadda ta iya busar da tumatir da tattasai lokacin da suka yi araha ta koya wa saura. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A ƙarshen kowane zama a yi ɗan adashe, a sha kunu, a yi hira, a tambayi wadda ba ta zo ba ko lafiya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Faransa tun 1973 aka buɗe irin wannan makaranta ta tsofaffi a garin Toulouse, ta bazu ƙasashe da dama. Mu ma a nan akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, an sa mata hannu a 2018. Amma cibiyar Abuja ba za ta san wace tsohuwa ce ta kwana da zazzaɓi a unguwarku ba. Ku ne za ku sani.

Na san abin da wasu za su ce: siyasa ce, ƙuri'a ake nema. Ban ga laifinsu ba, domin an sha tuna tsofaffi ranar zaɓe da atamfa da sabulu, a manta da su washegari. To ku ji sharaɗinmu. Ba a tambayar katin jam'iyya a bakin ƙofa. Ba a liƙa fosta, ba a yin kamfe a wurin. Wadda ɗanta ke wata jam'iyya uwarmu ce, ta zo. In muka karya wannan, ku fara kama ni.

Aikin da ke kanmu yanzu: kowace shugabar mata ta gunduma ta zagaya ta rubuto sunayen iyayenmu 'yan fansho da aikin da kowacce ta yi, cikin mako biyu. A nemi izinin maigida ko 'ya'ya cikin ladabi. Masu hali su ɗauki nauyin kuɗin mota ko tabarma. Ni na ɗauki kunu da ƙosai na wata na farko a wurare ukun.

'Yan'uwa, zumunci a ƙafa yake. Yau su ne, gobe mu ne, in Allah ya ba mu tsawon rai. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Taku, Shugabar Mata.
Wassalamu alaikum.