Wasan kwamfuta da ba shi da hoto



A 1976, wani Ba'amurke, Will Crowther, ya ƙirƙiro wa 'ya'yansa mata wasan kwamfuta mai suna Colossal Cave Adventure, bisa taswirar kogon Mammoth na jihar Kentucky. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Kwamfuta ta ce kana bakin wani ɗaki cikin daji, kai kuma ka ba ta umarni da kalma biyu: ɗauki fitila, nufi arewa. Wani mai suna Don Woods ya faɗaɗa shi a 1977, daga baya wasan ya shiga kwamfutocin gida irin Apple II.

A cikin wasan akwai wurin da hanyoyi suka sarƙe, kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Masu wasa suka gano dabara: a yar da kwalba nan, mabuɗi can, a zana taswira a takarda, har a fita.

Irin wannan wasa ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya zauna gaban kaka bayan sallar isha ya san kacici-kacici, ya san zafin a kasa amsa har a ce sai ka ba da gari. Yaro ya miƙa Karaye, a ƙi karɓa, ya ƙara da Kano.

Abin da ke damuna, yaranmu sun iya latsa waya amma ba a sa su tunani. Irin wannan wasa ba ya cin data sosai, kuma ɗalibin sakandare da ya koyi rubuta manhaja zai iya gina shi da Hausa: Gizo ya ɓata a bakin madatsar Challawa, mai wasa ya nemo masa hanyar gida.