Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Miƙa Dillancin Kamfani Ga Wani

 

Maganar da aka ɗora mini yau ta shafi masu riƙe da gidan mai, ko depo na lemo da siminti, ko wani shago da ke aiki da sunan babban kamfani. Ƙorafi ya zo ofishinmu: wani daga cikinmu ya tsufa, ya koma garinsu, ya bar wa ƙanensa wurin. Da kamfanin ya ji, sai ya soke yarjejeniyar, ya cire allonsa, ya daina kawo kaya. Nan take wasu suka ce ai don shi ba ɗan asalin Gombe ba ne.

To, a yi hattara. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowannenmu ikon zama inda ya ga dama a sashe na 41, ya hana wariya a sashe na 42, ya kuma ba mu ikon mallakar fili ko gida a ko'ina a sashe na 43. Amma dillanci ba gona ba ne. Izini ne kamfani ya ba mutum ɗaya bayan ya bincike shi, kuma galibi takardar tana ɗauke da sharaɗin cewa ba za a sayar, ko a ba da haya, ko a miƙa wa wani ba sai da amincewar kamfani a rubuce. Ɗan Bolari ko Jekadafari ma idan ya karya wannan, abin da zai same shi ke nan. Kotu kuwa abin da ka sa wa hannu take dubawa.

Ko a harkar ƙasa haka abin yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da yardar Gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da ita ba, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo.

Ni dai ban ce akwai adalci a tsarin ba. Su kamfanonin suna canza hannu ba tare da sun nemi izinin dillalansu ba: AP ya zama Forte Oil, daga baya Ardova, kuma a 2022 NNPC ya sayi kamfanin da ke tafiyar da gidajen man Oando. Amma ƙaramin dillali ba shi da wannan damar.

Inda abin ya fi ciwo shi ne mutuwa. Takardu da yawa suna ƙarewa da rasuwar mai suna, magada su wayi gari da gini amma babu kaya, ga bashin banki. Wasu suna tsammanin yin rajista da Hukumar CAC ya raba gardama. Yana taimakawa, sai dai wasu takardun suna ɗaukar sayar da hannun jarin kamfaninka tamkar miƙa dillancin ne.

Saboda haka wanda ke shirin komawa gida ya rubuta wa kamfani tun yana da ƙarfinsa, ya gabatar da wanda zai gaje shi, ya jira amsa a takarda. Alƙawarin bakin manaja ba hujja ba ne, gobe za a iya sauya masa wurin aiki. Wanda aka riga aka soke nasa ya duba ko an ba shi wa'adin da takardar ta tanada, da makomar kuɗin ajiyarsa da kayan da suka rage, kafin ya sa hannu a komai.

Masu irin waɗannan takardu su kawo su ofis bayan taro, mu karanta tare kafin mu kai wa lauya.