Damben Talabijin da Ƙannenmu



Duk wanda ya ratsa Tudun Wada da la'asar ya san shagunan nan da yara ke cikawa, ana dambe a cikin talabijin. A ɗayansu na tarar da Fight Night Champion, wanda kamfanin EA Sports ya fitar a 2011. Hukumar da ke tantance irin waɗannan wasanni a Amurka ta ce sai ɗan shekara 17 zuwa sama. Mai shago kuwa kuɗi yake tambaya, ba shekaru ba.

Ni ba jinin ne ya dame ni ba. Yaron da ya taɓa zuwa gidan dambe ya ga fiye da haka. Amma can, in aka yi kisa, yana ganin ana yayyafa wa wanda aka kayar ruwa, gobe ya gan shi da kumburarren ido. A nan fa? A sumar da mutum, a latsa maɓalli, ya miƙe garau. Har Muhammad Ali yana cikin wasan, saurayi kullum, alhali na gaskiyar an gano yana da ciwon karkarwar jiki a 1984, ya yi ta fama har ya rasu a 2016.

Saboda haka ƙanena ɗan shekara goma na hana shi. Wansa mai sha shida na ƙyale shi, amma sai ina zaune kusa, kuma sai da na ba shi labarin Ali tukuna.